Furen da Na Zuba a Jujin Baffana

Shekarun baya, lokacin da na gama makaranta ina zaman jiran a kira mu hidimar ƙasa, mahaifina ya gaji da ganina kwance a falo ina danna waya. Wata safiya ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi ka tafi Turawa wurin baffanka, ka ga inda muka fito." Ni kuwa a birnin Kano aka haife ni, a nan na girma, abin da na sani game da gona bai wuce wanda na haddace don jarrabawa ba. Ko dawa da gero ba na iya bambancewa idan ba su fitar da kai ba. Amma da a lokacin wani ya faɗa mini haka, wallahi sai mun kwashi musu da shi.

Na isa damina ta yi tsakiya. Baffa ƙanin mahaifina ne, mutum mai ƙarancin magana, dariyarsa ma a ciki yake yi. Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure, wanda ƙofarsa ke kallon waje, ba mai shiga sai ni. Washegari ya miƙa mini fartanya muka tafi gona. Kafin azahar na sare masa dawa ta kai goma, ina tsammanin ciyawa ce. Ya karɓi fartanyarsa a hankali ya ce, "Ɗan birni, je ka huta. Hutunka ya fi aikinka amfani a gonar nan." Daga ranar aka sallame ni daga noma.

Gonar tasa kuwa abar kallo ce. Dawa ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, duk wanda ya biyo hanyar sai ya rage tafiya ya ce tubarkalla. Ita ce ke ciyar da gidan gaba ɗaya, daga kaka zuwa kaka. Sirrinta kuma yana bayan gida, wato juji. A ranar da na zo Baffa ya kai ni wurin kamar zai nuna mini sabuwar mota. Tudu ne guda na kashin awaki da toka da shara da ragowar harawa, shekara guda ana tarawa, idan rani ya yi a kwashe a kai gona. Ya ce, "Ka ga wannan? Tuwonmu na baɗi ke nan. Duk sharar da ka yi, nan za ka kawo. Leda kaɗai za ka tsince." Na ce to. Dokar gidan ke nan guda ɗaya da aka ba ni, kuma na riƙe ta da gaske.

Da na rasa abin yi, sai na fara fita yawo bayan la'asar. Ina bi ta bayan masallaci, in kama 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, in gangara fadama, in zagayo ta gindin wata tsohuwar ɗorawa in dawo kafin magariba. Da farko don miƙe ƙafa nake yi. Amma jama'a, ashe akwai duniya guda a bakin hanya da ban taɓa sanin da ita ba.

Ranar farko hawainiya ce ta tsayar da ni. Tana tsallaka hanya, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya tana shawara, ido ɗaya na kallona ɗaya na kallon gabanta. Na tsuguna a wurin har ƙafata ta yi sanyi, ina so in ga lokacin da za ta sauya launi. Ba ta sauya ba, ni ne na gaji. A fadama na ga bado ya shimfiɗa ganye a kan ruwa, furensa a rufe, sai na yi sammako washegari don in ga ko da gaske da safe yake buɗewa. Da gaske ne. Na ga zalɓe ya tsaya a bakin ruwa ko motsi ba ya yi, na ga kurege ya miƙe da ƙafa biyu yana leƙena kafin ya faɗa rami. Akwai wasu tsuntsaye masu ruwan ɗorawa da suka cika wata bishiyar ƙaya da sheƙa, namijin ya saƙa, macen ta zo ta duba, idan bai yi mata ba ta yi tafiyarta, shi kuma ya warware ya sake sabuwa. Na fi awa ina kallon wannan shari'a, ina tausaya masa.

Na sayi ƙaramin littafi na fara rubutawa, ina kuma ɗaukar hoto da waya. Idan na dawo sai in zauna kusa da Baffa a ƙofar gida in baje ganyayyakin da na tsinko. Shi kuma ko ɗagawa ba ya yi sosai, da gefen ido yake kallo.

"Baffa, wannan mai fure ruwan ƙwai fa?"

"Tafasa ce. Jiya ma ka ci kwaɗonta."

"Wannan mai yaɗo a bakin ruwa?"

"Duman rafi. Dabba ba ta so, idan ta ci yana bugar da ita."

"Wannan kuma?"

"Nonon kurciya. Karya ka gani."

Na karya, farin ruwa ya fito. Na yi ta mamaki, shi kuma yana mamakin mamakina. Kowace ciyawa da nake takawa ashe tana da suna, tana da hali, an san wadda ake ci, an san wadda ake gudu. Raina ya yi ta son ƙarin sani, kullum ina ɗokin la'asar ta yi.

Matsalar ita ce a ƙauye ba a ɓoye tafiya. Mutanen majalisar ƙofar masallaci suka laƙaba mini Malamin Ciyawa. Idan na zo wucewa sai wani ya ce, "Malam, yau me hawainiya ta ce?" a kwashe da dariya. Wannan duk na jure. Wanda ya karya ni shi ne ranar da na ji wani dattijo ya ja Baffa gefe, da gaskensa, yana tambaya, "Yaron nan na wajen yayanka, lafiyarsa kuwa? Na gan shi durƙushe yana magana da tumfafiya." Ba magana nake yi ba, hoto nake ɗauka. Amma daga ranar na ji kunya ta rufe ni. Na daina baje ganye a ƙofar gida, na daina tambaya. Abin da na tsinko sai in cusa a 'yar jakata in wuce ɗaki kai tsaye.

A cikin wannan hali ne, bayan ruwa ya fara ja baya, na ƙara nisa wata rana na haura bayan fadama. Sai ga wata gona da ban taɓa zuwa ba. Na tsaya cak. Fure ne ya rufe ta daga wannan kunya zuwa waccan, ruwan hoda mai ɗan duhu, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, kowane kara ya jera furanni har sama. Rana ta yi sanyi, iska na kaɗa su, malam-buɗe-littafi na ta shawagi a kai. Tun da na zo garin ban ga abu mai kyau kamarsa ba. Akwai 'yar dawa tsilli-tsilli a ciki, gajera, ganyenta ya yi ja kamar wadda aka babbaka. Na kalle ta na yanke hukunci nan take cewa mai gonar rago ne.

Tambayoyi suka cika mini kai. Me ya sa sai a nan yake fitowa? Me ya sa babu ko ɗaya a gonar Baffa? Me ya hana mutanen garin nan su dasa shi a ƙofar gida, su da ba su da furen kallo ko ɗaya? Na tumɓuke guda, na ga saiwarsa gajera ce kuma ta manne da saiwar dawa. Na buɗe littafina na rubuta da kyakkyawan rubutu, "Yana son zama kusa da dawa." Har yau littafin yana nan, idan ina so in ƙasƙantar da kaina sai in buɗe shafin.

Na cika jaka na kai ɗaki, na zuba ruwa a kwalba na jera su a taga. Bayan kwana biyu sai su yi baƙi su bushe, in kwashe in kai juji kamar yadda aka umarce ni, in koma in ɗebo sababbi. Da furen ya fara zubewa, 'yan ƙananan kwanso suka fito, sai dabara ta zo mini: bari in tara iri in kai Kano in shuka wa mahaifiyata a tsakar gida. Na riƙa ɗebo busassun ina kakkaɓewa a kan takarda. Irin ya fi garin barkono laushi, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai ya tashi. Rabi ya zauna a takarda, rabi ya bi ƙasa. Kullum da safe in share ɗakina tas, in kai juji. Na yi wajen sati shida ina wannan aiki, ina jin kaina yaron kirki mai tsafta.

Inna, matar Baffa, ita ta gani. Ta je zubar da toka da safe, ta hangi baƙaƙen karare a gefen jujin inda kaji suka tona. Ba ta yi ihu ba. Ta kira mijinta, shi kuma ya aiko a kira ni. Na same su tsaye, yana riƙe da kara ɗaya da yatsu biyu.

"Wa ya kawo wannan gidan nan?"

Na ce, "Ni ne, Baffa. Dama ina so in tambaye ka sunansa."

Inna ta dafe ƙirji ta yi salati a hankali.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na faɗa masa.

"Da fure kaɗai kake kawowa, ko har da wanda ya bushe?"

Na ce har da busasshen, na ma tara iri. Ya ce in nuna masa. Karo na farko ke nan da ya shiga ɗakin tun da na zo. Ya ga kwalba a taga, ya ga takarda a kan tabarma da ɗan tudun gari a tsakiya. Ya tsuguna, ya naɗe takardar a hankali yana kawar da fuska don kada numfashinsa ya taɓa, ya kai murhu ya tura cikin garwashi. Sannan ya ce, "Sa takalminka, kai ni inda kake samowa."

Muka tafi, yana gaba ina baya, duk da ni aka ce in nuna hanya. Bai tambaye ni ko sau ɗaya ba, kai tsaye ya nufi gonar. Ya tone gindin wata dawa da hannu ya ɗago mini saiwar.

Ya ce, "Wuta-wuta ce. Ba ta da abincin kanta. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa ta yi ta tsotsa. Kafin ka ga ta leƙo waje ta gama aikinta. Furen nan da ya burge ka, dawar nan ce ta biya shi."

Duk da halin da nake ciki, bakina bai mutu ba. Na ce, "To Baffa, ya take sanin an shuka dawa?"

Ya kalle ni, ina jin ya rasa ko ya mare ni ko ya amsa. Ya amsa. "Allah ne ya sani. Amma irinta yana kwance a ƙasa fiye da shekara goma, ba ya ruɓewa. Ka shuka gyaɗa, ba za ka gan ta ba. Ranar da ka mai da dawa, sai ta tashi."

Sai ya miƙe ya kaɗe hannunsa, ya kalli gonar daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Ka san ta wa ce?" Na ce a'a. Ya ce, "Ta mahaifinka ce. Rabonsa ke nan na gado. Damina uku ya noma ta, abin da ya ɗauka a ta ukun bai kai a ɗaura wa jaki ba. Da kaka ya naɗe tabarmarsa ya tafi Kano, bai sake riƙe fartanya ba. Yanzu duk wanda ya ara, shekara ɗaya yake yi ya gudu. Tawa ma haka take a da. Tun kafin a haife ka nake fama, gyaɗa, auduga, taki, ina bi da hannu ina cirewa kafin ta yi fure, ina kaiwa bakin hanya ina ƙonewa. Shekara huɗu ke nan da na daina ganin ta."

Ban taɓa jin wannan labari ba. Mahaifina idan an tambaye shi abin da ya kawo shi birni, cewa yake yi neman arziki. Na tsaya a tsakiyar furen, na rasa inda zan sa idona.

Saura maganar juji. A hanyar dawowa na yi ta kawo dabaru irin na 'yan makaranta. Na ce a kwashe saman. Ya ce kaji sun tona, ruwa ya doka, shi ma ya juya shi sati biyu da suka wuce. Na ce a tankaɗe. Ya ce, "Da wace rariya?" Labari ya bazu, maƙwabta suka yi ta zuwa jaje kamar an yi rasuwa. Wasu suka ce zafin juji yana kashe iri, ya rufe ido ya kai abinsa gona. Wasu suka ce gonar da ta saba da taki idan ta rasa shekara guda, gidan zai ji a jikinsa. Kowa da gaskiyarsa. Idan ya kai, wataƙila ya mai da gonar inda ta fito. Idan bai kai ba, tuwon baɗi ya ragu, wannan kam babu wataƙila.

Kwana biyu Baffa yana auna maganar. A na uku, bayan sallar asuba, ya ce da Inna ina ji, "Ko kwando ɗaya ba zai shiga gonar ba."

Da aka gama girbi, jujin ya bushe, muka tara kara a kai aka cinna wuta. Kwana uku yana hayaƙi. Abin da ya rage muka kwashe a amalanke muka kai wani tsohon rami da ake haƙar ƙasar gini, muka binne. Ɗakina ma sai da aka kankare daɓen aka yi sabo. Inna na tsaye a bakin danga tana kallon tokarta da shararta ta shekara guda ana fita da su, kuma da rana ta zubo mini abinci kamar kullum. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ba Baffa haƙuri har ya gaji ya ce, "Ya isa. Ba ka sani ba ne."

Na tafi hidimar ƙasa, na dawo da kaka ta zagayo. Dawar ta yi, amma siririya, kanta ƙanana. Rumbun da ake cikawa har a danna, a shekarar da ɗan kaɗan ya wuce rabi. Daga baya na ji daga bakin mahaifiyata cewa tun kafin bazara gidan ya koma ɗora tukunyar tuwo sau ɗaya a rana, sauran a cike da rogo da kwaɗo. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a Turawa. Amma Baffa ya zagaya da ni gonar layi-layi, muka duba gindin kowace shuka, ba mu ga wuta-wuta ko ɗaya ba.

Da yammar ranar muna zaune a ƙofar gida ya ce in nuna masa hotunan da na riƙa ɗauka. Na miƙa masa wayar ina shafa masa. Ya ga hawainiya ya yi murmushi, ya ga zalɓe, ya gyara mini sunan wata ciyawa da na rubuta ba daidai ba. Sai muka zo kan hoton gonar mahaifina, fure ya rufe ta, rana na shirin faɗuwa. Na yi sauri zan wuce, ya riƙe hannuna. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ashe haka take da kyau. Shekara nawa ina cire ta, ban taɓa tsayawa na kalle ta ba."

Na ce, "In goge, Baffa?"

Ya ce, "A'a, bar ta a ciki. Nan ba ta da abin da za ta tsotsa."

Yanzu Baffa ya tsufa, gonar na nan lafiya, ni kuma ban daina yawon kallon ciyawa da tsuntsaye ba. Duk garin da aiki ya kai ni, sai na nemi bayan gari na taka. Na daɗe ina ganin son sanina ne ya jawo abin, sai daga baya na gane ba shi ba ne. Lokacin da nake baje ganye a ƙofar gida ina tambaya, ba abin da ya lalace. Da na miƙa wa Baffa kara ɗaya a ranar farko, da a cikin numfashi guda ya faɗa mini, an wuce wurin. Dariyar 'yan majalisa na guje wa. Shi ya sa yau ko a gaban wa ne, ko za a ce ba ni da lafiya, sai na ɗaga abu na ce mene ne wannan. Har yanzu idan na tuna, kunyar tana dawo mini sabuwa, domin mutanen da suka ba ni ɗaki suka ciyar da ni sun yi watanni suna cin tuwo sau ɗaya a rana saboda na ji nauyin yin tambaya guda ɗaya.